A AUNA KAFIN A YASHE: MAGANAR RAIRAYIN KOGINMU NA GAYA



Duk shekara magana guda ce. Ruwa ya shigo gonakin shinkafa, ya ci gidaje, a yi rabon tabarmi da buhun hatsi, daga nan kowa ya ɗauki waƙa ɗaya: kogi ya cike da rairai, a kawo injin a yashe shi, a ƙara wa digi tsawo. 'Yan siyasa su faɗa, malaman unguwa su faɗa, mu ma 'yan rediyo mu maimaita. Yau ina son in tsaya in ce a'a. Kogin ya cike, wannan gaskiya ne, kowane mai jirgi ya san haka. Amma duk wanda ya ce a zuba kuɗin talakawa cikin yasar kogi ko ginin digi alhali ba a auna inda rairan ke fitowa, inda yake zuwa, da yawan da ke wucewa a shekara ba, wallahi caca yake son a yi da gonakinmu. Kuma waɗanda sunka riga mu yin irin wagga caca suna nan, garuruwansu na nan, ana iya zuwa a gani.

Wani zai ce, kai ɗan Zabori, me ya haɗa ka da kogi, ku da kuke can tudu? Abin da ya haɗa mu rairai ne. Duk wanda ya girma a yankin Dallol Mawri ya ga yadda kwazazzabai ke saukowa daga kan tudu bayan ruwan sama mai ƙarfi, su kwaso ƙasa su zube ta cikin fadama. Inda kakanninmu ke noman rake da rogo, wani wurin yau rairai ne fari fat. Tafkin da ke kai wa bazara da ruwa yanzu tun kafin sanyi ya fita ya ƙafe. Ba duk rairan tudunmu ke isa kogi ba, mafi yawansa cikin dallol yake kwanciya, ya binne mana abincinmu. Amma ciwon guda ne da na mutanen bakin gulbi: ƙasa ta tashi daga inda take da amfani ta koma inda take ɓarna, kuma babu mai riƙe da lissafinta.

Bari mu fara da yadda ruwa ke ɗaukar rairai, don sai an gane wannan sannan sauran magana ta zauna. Ruwa mai gudu kamar jaki ne, yana da iyakar kayan da zai iya ɗauka. In yana sauri ya ɗauki mai yawa, in ya lafa ya sauke. Kuma ƙaruwar ba daidai wa daida take ba: in gudun ruwa ya ninka sau biyu, rairan da zai iya turawa yakan ninka sau da yawa. Laka mai laushi tana tafiya cikin ruwa, ita ke sa shi ja. Rairai mai nauyi kuwa a ƙasa yake tafiya, yana birgima yana tsalle, ya taru wuri guda ya zama tudu, shekara ta gaba ya matsa. A kan kwana, ruwa na cin gaɓar waje yana ajiyewa a gaɓar ciki. Shi ya sa za ka ga gonar wani na raguwa kowace damina, ta wani a ƙetare na ƙaruwa, ba tare da kowa ya sayi ƙasa ko ya sayar ba.

Koginmu kuma sau biyu yake cika a shekara. Akwai jan ruwa na damina, wajen Agusta da Satumba, wanda koramu irin su Goruwol, Dargol da Sirba ke kawowa daga ɓangaren Burkina, sannan Mekuru, Alibori da Sota su ƙara nasu daga Benin, ita Sota ma dab da Malanbil take shiga. Wannan ruwan shi ke da kaya. Sannan akwai baƙin ruwa da ke tasowa daga tsaunukan Gine, ya ɓata watanni cikin fadamun Mali inda yake sauke lakarsa, ya iso mana lokacin sanyi a tace. Masana sun daɗe da lura da wani abin mamaki a Sahel: tun bayan farin shekarun 1970 da 1980, ko da ruwan sama ya ragu, ruwan da ke gudu bisa ƙasa ƙaruwa ya yi, don itace ya ƙare, ƙasa ta daskare ta daina sha. A watan Yuni na 1985 kogin ya tsaya cak a Yamai, ana taka shi da ƙafa. A Satumba na 2020 kuma ya kai mita 7 a ma'aunin Yamai, abin da ba a taɓa rubutawa ba, digi ya fashe, unguwanni da gonakin shinkafa sunka nutse. Kogi guda ne, cikin rayuwar mutum guda. To wa zai ce ya san halinsa da ido kawai?

Yanzu ku biyo ni bakin teku, don can ne darasin ya fi fitowa fili. Direbobinmu da sunka saba zuwa Kwatano da Lome ɗaukar kaya sun san wuraren da zan ambata. A gaɓar tekun da ta taso daga Gana ta bi Togo da Benin zuwa Legas, igiyar ruwa ba ta bugun gaɓa kai tsaye, a karkace take zuwa daga kudu maso yamma. Ta tura ƙwayar rairai sama a karkace, in ruwan zai koma ya jawo ta ƙasa a miƙe. Igiya ta gaba ta sake tura ta. Kowace igiya ƙwayar ta ɗan matsa gabas. Dare da rana haka, har ya zama wani kogin rairai ne ke gudu a bakin teku daga yamma zuwa gabas, wanda a gaɓar Togo da Benin ya haura mita kubik miliyan ɗaya a shekara. Ga kuma cikar teku da janyewarta sau biyu a yini, mai shigar da rairai bakin koguna tana fitarwa. Muddin abin da ke shigowa wuri ya yi daidai da abin da ke fita, gaɓa na nan inda take. Ranar da anka tare mai shigowa, teku ba ta fasa ɗauka, sai ta ci daga jikin gaɓar.

Haka ta faru. Anka gina tashar jiragen ruwa ta Kwatano, anka buɗe ta a 1965. Katangarta ta tare kogin rairan. Yamma da tashar ƙasa ta yi ta ƙaruwa, gabas da ita, ɓangaren Akpakpa, teku ta cinye gidaje da filaye layi bayan layi, har sai da gwamnatin Benin ta ciwo bashi ta jera duwatsu cikin ruwa don tsayar da abin. Lome ma haka, bayan tashar 1968 teku ta ci tsohuwar hanyar mota ta bakin ruwa mai zuwa Aneho. A Legas tun tsakanin 1908 da 1912 Turawan Ingila sunka gina katangun mashigar jirage, Bar Beach ta yi shekaru tana zaizayewa har ruwa ya riƙa hawa titi a Biktoriya Ailan. A Gana anka datse kogin Bolta a Akosombo a 1965, rairan da ke saukowa teku ya maƙale bayan madatsa, garin Keta ya ƙara shiga uku. Bankin Duniya ya yi lissafi cewa a shekarar 2017 kaɗai lalacewar gaɓar teku ta ci wa Benin, Kodibuwa, Senegal da Togo kimanin dalar Amurka biliyan 3.8.

Amma labarin da nake son kowane mere da kowane farfe na jihar Doso ya haddace shi ne na Sanluwi a Senegal. A farkon Oktoba na 2003 kogin Senegal ya cika, yana barazanar shiga gari. Tsakanin kogin da teku akwai wani siririn zirin rairai mai tsawo. Hukuma ta ce a yanka shi, ruwan kogi ya samu gajeriyar hanya. Anka kawo injin anka haƙa 'yar mashiga mai faɗin mita 4. Ruwa ya sauka, gari ya tsira, kowa ya yi tafi. Cikin 'yan kwanaki mashigar ta kai mita ɗari biyu. Igiya da cikar teku sunka karɓi aikin daga hannun injin, shekara bayan shekara, har faɗinta ya kai kilomitoci. Ƙauyen Dun Baba Jey ya tashi dungum, ruwan gishiri ya shiga gonakin albasa na Ganjol, masunta da yawa sunka rasa rayukansu wajen ƙetare mashigar. Mutanen da sunka ba da umarnin nan ba mugaye ba ne, gari suke son ceta. Abin da ya rasa shi ne wanda zai ce: ku dakata, mu lissafa abin da ruwa zai yi da wagga ƙofa bayan shekara biyar.

To wannan lissafin shi ne abin da nake kira a yi mana. Faransawa na ce masa modelizasiyo. Da Hausa sai in ce kogin gwaji. Ma'ana, a gina kwatancin kogi ko na gaɓar teku, ko dai ƙarami da siminti cikin wani babban zaure a sakar masa ruwa, ko kuma cikin kwamfuta da lissafi, a gwada masa duk abin da ake niyyar yi wa na gaske. In mun haƙa nan, ina ramin zai cike, cikin damina nawa? In mun ɗaga digi a wanga ɓangare, santimita nawa ruwa zai ƙaru a ƙetare? In kamiyo hamsin na kwasar rairai a wuri kaza kowace rana, gaɓar wa za ta fara faɗuwa? Kuskuren da anka yi cikin kwamfuta gogewa ake yi a sake. Na cikin kogi kuwa, mutanen Dun Baba Jey sun san kuɗinsa.

Kuma ba sabon ilimi ba ne. Tun 1956 wani injiniya Bafaranshe, Pelnard-Considère, ya fitar da lissafin yadda layin gaɓa ke matsawa in an gina katanga cikin teku. Tushen abin kowace mai adashi ta san shi: abin da ya shigo, a cire abin da ya fita, saura shi ne abin da ke cikin asusu. A raba kogi gida-gida, kowane gida a lissafa rairan da ya shiga da wanda ya fita, in ya yi rara ƙasan kogi ya tashi, in ya yi giɓi ya zurfafa ko gaɓa ta faɗi. Kwamfuta maimaita wanga lissafi kawai take yi sau miliyoyi. Manhajojin da ake aikin da su ma, irin HEC-RAS na Amurka, TELEMAC na Faransa da Delft3D na Holan, ana samunsu kyauta a intanet. Hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat suna nan tun 1972, na Sentinel-2 kuma duk kwana biyar yake sake ɗaukar wuri, su ma kyauta. Mutanen Holan da irin wanga lissafi sunka zuba rairai mita kubik miliyan 21.5 wuri guda a 2011, sunka bar igiya da iska su raba shi da kansu tsawon gaɓa. Katangar da ta kare Legas yanzu sai da anka gwada ƙaramarta cikin zauren gwaji a Danmak kafin a jera dutse ɗaya.

Abin da ba a samu kyauta shi ne awo. Kogin gwaji ba ya aiki sai an ciyar da shi: zurfin kogi daga gaɓa zuwa gaɓa a wurare da yawa, yawan ruwan da ke wucewa kowace rana, girman ƙwayar rairan, yawan lakar da ke cikin lita guda lokacin jan ruwa da lokacin baƙi. Wannan aikin jirgi ne, da na'urar auna zurfi, da kwalabe, da mutum mai haƙuri da za a biya shi albashinsa a kan kari shekara da shekaru. Nan ne muke faɗuwa. Mun fi son abin da ake yanka masa kyalle a ɗauki hoto.

Na san abin da wasunku za su ce, don kullum ana faɗa mini shi a waya. Etid, etid, kullum etid! An ci kuɗi da sunan bincike, an tara rapor cikin biro, ƙura ta rufe, mu dai a kawo katafila. Ina jin zafinku, kuma rabin maganar gaskiya ce. Hukumar kula da kogin Isa, ABN, mai ƙasashe tara, a Yamai hedikwatarta take tun 1980. Cibiyar AGRHYMET ma a Yamai take. An yi babban furoje na yaƙi da cikewar kogi a Mali, Burkina da Nijar da kuɗin Bankin Raya Afirka. Jami'ar Abdu Mumuni na da masana ƙasa da ruwa da sunka yi rubutu kan kwazazzabai da rairai. To ina tambaya: cikin manoman Tara ko Gatawani, cikin Sarkawan Dole, wa ya taɓa jin sakamakon binciken nan da harshen da yake ji? Laifin na ɓoye binciken ne da rashin aiki da shi. In likita ya ɗauki hoton ƙirjinka ya ajiye a durowa bai duba ba, maganin abin a tilasta masa ya duba. Babu mai hankalin da zai ce to tunda haka ne a fara tiyata ido rufe.

Masu cewa a kawo injin kawai, ku leƙa maƙwabta. A Satumba na 2009 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yasar kogin Kwara daga Baro zuwa Wari, kilomita 572, a kan kuɗi wajen naira biliyan 36. An yi aikin. Amma kogi bai daina kawo rairai don an yashe shi ba. Ramin da ka haƙa cikin kogi wuri ne da ruwa ke lafawa, inda ruwa ya lafa kuwa nan yake sauke kaya. In ba a tanadi kuɗin sake yasa duk shekara ba, 'yan damina kaɗan sun isa su maida hannun agogo baya. Tashar Baro da anka buɗe a 2019 ta daɗe tana jiran manyan jiragen da anka yi wa mutane alkawari. In Najeriya mai man fetur ta ji nauyin abin, mu da wane bidje za mu riƙa yasar kilomita 550 na kogi kowace shekara? Akwai wuraren da yasa ke da amfani, bakin famfon gonakin shinkafa, ko mashigar jirage. Amma sai lissafi ne zai nuna wane wuri, zurfin nawa, kuma ina za a zuba abin da anka kwaso don kada damina ta maido shi.

Digi ma haka. Kowane gari na son nasa, kuma da gaskiyarsa. Sai dai ruwan da ka hana shiga fadamarka bai ɓace ba, wani wuri zai nufa. In Gaya ta ɗaga nata, Malanbil ta ɗaga nata, kogi ya matse tsakani, ya ƙara tsawo ya ƙara gudu, ƙauyen da ke gaba wanda ba shi da ɗan majalisa shi zai sha. Kuma ranar da dogon digi ya fashe, ɓarnarsa ta fi ta ambaliyar da ke shigowa sannu-sannu, don mutane sun saki jiki sun yi gini a bayansa. Wannan ba maganar da gari ɗaya ko ƙasa ɗaya za ta yanke ita kaɗai ba ce, ko da kuwa gwamnatoci ba sa ga maciji. Ruwa bai san duwan ba.

Sai masu cewa ƙaddara ce. Na'am, komai da ikon Allah. Amma wanda ya sare itacen kan tudu ya yi gawayi, hannunsa ne ya riƙe gatari. Wanda ya tura kamiyo gindin gaɓa ya kwashe rairai, ya san abin da yake yi. Hausawa na cewa Allah ya ce tashi in taimake ka. Kada mu ɓoye sakacinmu bayan kalmar da ta fi ƙarfinmu.

Akwai kuma masu ilimi da za su ce, ai shi ma lissafin yana kuskure. Gaskiya ne, kuma duk injiniyan kirki zai faɗa maka haka da bakinsa. Lissafin rairai ya fi na ruwa wuya, yakan kauce da ninki biyu ko fiye. Kogin gwaji ba boka ba ne, ba zai ce maka ranar kaza gonar wane za ta faɗi ba. Shi ya sa ake fara gwada shi da abin da ya wuce: a ba shi kogin 2010, a ga ko zai fitar da tudun rairan da ke wurin a 2020. In ya kasa a gyara shi. Nan ne kuma ake bukatar Sarkawa da masu fito. Tsohon da ya yi shekara arba'in yana tuƙa jirgi tsakanin Gaya da Karimama ya san inda gora ke taɓa ƙasa bana wanda bara ba ta taɓawa. Duk injiniyan da ya zo da kwamfuta bai zauna da sarkin ruwa ba, rabin aikinsa ya yi.

In kuna shakkar cewa awon kogi na da daraja, ku tuna Lete. Shekaru da dama Nijar da Benin na jayayya kan wanga tsibiri, har jini ya zuba tun wajen 1960. Ranar 12 ga Yuli 2005 kotun duniya da ke Holan ta yanke hukunci. Da me ta yanke? Ta ce iyaka ita ce layin da ya fi zurfi cikin babbar hanyar jirage, kamar yadda take lokacin samun 'yancin kai. Don gano layin nan sai da alƙalai sunka koma ga tsofaffin awo: na tawagar Hourst ta 1896, na Beneyton na wajen 1930, da na kamfanin NEDECO na Holan da ya auna kogin a ƙarshen shekarun 1960. Da waɗannan takardu anka raba tsibirai 25, Nijar ta samu 16 har da Lete, Benin ta samu 9. Ku duba fa, mutanen da sunka zura igiya cikin ruwa shekaru da dama baya su ne sunka yanke wa jikokinmu ƙasa. Kotu kuma ta kafa layin da lambobi, ba ya motsi, alhali kogi na motsi. Wata rana reshen da ke da zurfi zai cike, wanda ya cike ya buɗe, tsibiri ya manne da gaɓar da ba tasa ba, makiyayi da masunci su rikice, rigima ta tashi. Wa ke bin wanga sauyi yana rubutawa?

Ga kuma abubuwa biyu na tafe. Na farko madatsar Kandaji, can sama da Tilaberi, wadda anka aza tubalinta a 2008. Muna fatan a gama ta, muna bukatar wuta da ruwan rani. Amma kowace madatsa tana riƙe rairai, ruwan da ke fita daga cikinta da yunwa yake fitowa, ya nemi abin ɗauka daga gaɓa da ƙasan kogi. A gefe guda kuma Sirba da kwazazzabai da ke ƙasa da ita za su ci gaba da zubo nasu, ga cikar da ke share su ta sauya. Wane ne zai rinjayi wani a Gaya, cikewa ko zaizaya? Tambaya ce da ke da amsa, kuma haƙƙinmu ne a faɗa mana ita.

Na biyu kasuwar rairai. Garuruwanmu na girma, kowa na son ginin siminti, kuma ba laifi ba ne. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce duniya na cin rairai da tsakuwa tan biliyan 50 a shekara, bayan ruwa babu abin da ake kwasa kamarsa. Benin sai da ta hana ɗibar rairan bakin teku da doka a 2008, bayan ta ga abin da ya faru a Seme. Mu nan abin dariya ne da ban haushi: muna kukan rairai ya yi yawa a tsakiyar kogi, masu kamiyo kuma na kwasarsa a gindin gaɓa da bakin kwazazzabo, inda mota ke iya shiga, wato daidai inda cire shi ke ƙara ɓarna. Ba na zargin yaran da ke lodi da shebur, abincinsu suke nema. Da akwai taswira mai cewa nan a ɗiba, nan kada a taɓa, da sana'arsu ta zama ita ce yasar da muke roƙo, kuma ba da kuɗin gwamnati ba. Kwamin na karɓar taks a kan kowace mota. To ina lissafin motocin?

Ga abin da nake nema, kuma ina roƙon duk mai saurare ya nema tare da ni.

Kafin a ba da kowace kwangilar digi ko yasa tsakanin Bumba da Dole, a fito da binciken da ke nuna abin da aikin zai yi wa ƙauyen sama, na ƙasa da na ƙetare, a karanta shi a rediyo da Hausa, Dandanci, Zabarmanci da Fulatanci, a bar mutane su yi tambaya.

A riƙa auna zurfin kogi a wurare sanannu sau biyu a shekara, bayan jan ruwa da bayan baƙin ruwa, a manna sakamakon a ƙofar mere kamar yadda ake manna sakamakon jarrabawa.

Kowace kwamin ta ƙirga kamiyon rairan da ke fita daga ƙasarta, ta ware wani kaso na taks ɗin don awo.

Jami'ar Doso, wadda aka san ta da fannin kwamfuta da sadarwa, ta haɗa kai da masana ruwa na Yamai a horar da yaranmu wanga aiki. Abin kunya ne a ce duk lokacin da muke son sanin zurfin koginmu sai mun jira baƙo ya sauka daga jirgin sama.

Mu kuma na tudu, Zabori da kewaye, namu aikin a bayyane yake, don rairan da bai taso ba ba ya bukatar yasa. Rabin wata, tassa, jeren duwatsu a kan gangare, sassaben zamani da ke barin 'ya'yan itace su tashi cikin gona, da kare giginyarmu. Mutanen Maradi, Damagaram da Tawa sun nuna ana iyawa. Amma shi ma a auna, a san wane kwazazzabo ya fi kawo kaya a fara da shi, kada furoje ya zo ya yi aiki inda hanyar mota ta fi kyau.

Ranka ya daɗe gwamna, ranku ya daɗe farfe da merori, sarakunanmu iyayen ƙasa, ba raini cikin maganata. Damina na zuwa ko mun shirya ko ba mu shirya ba, kuma in ruwa ya taso za a matsa muku ku yi wani abu cikin dare ɗaya, kamar yadda anka matsa wa na Sanluwi. Lokacin yin lissafi shi ne yanzu da kogi ke kwance. Ku kuma masu saurare, in ɗan takara ko ɗan kwangila ya zo ya ce zai yashe muku kogi, ku yi masa tambaya uku: mita kubik nawa ke shigowa a shekara, nawa za ka kwashe, wa zai biya na baɗi? In ya amsa, ku ba shi wurin zama. In ya fara kame-kame, ku ce ya je ya auno tukuna.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da sharrin ruwa, ya ji ƙan waɗanda sunka rasu cikinsa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.